Kwaɗon da Na Sa wa Ƙofar Baya

Sharet, amalanken jaki, ta shigo farfajiyar likita da gudu ranar Alhamis, gab da kiran azahar, lokacin da kasuwa ta cika maƙil. Jakin na haki, mai shi na ta zabga mishi sanda, mata uku na biye suna salati. Na tashi daga bakin tebur na ce a shigo da ita. Mace ce kwance an lulluɓe ta da hijabi, jiki na ta jijjiga, haƙora sun datse, kumfa da jini na bin gefen baki. Na ɗaga hijabin in ga fuska. Rakiya ce, matar ƙanena Issufu. Na ja zanenta ƙasa, ga ciki nan ya fito, wata bakwai ko ya fi.

"Ciki gare ta?"

Ni na yi tambayar ga, wallahi, da bakina. Ni manjo, shugabar likitar garin, mai masta daga Yamai. Ɗaya daga cikin matan ta dube ni sama da ƙasa.

"Manjo, mu za mu hwaɗa miki? Ba matar gidanku ce ba?"

Kaina ya tsaya, hannuwana dai sun san aikinsu. Munka kwantar da ita ta gefen hagu, na yi mata allurar jijjiga, na ɗaura mata ruwa, na auna tansiyo, wato hawan jini. Sha tara. Na ce na'urar ce ta lalace, na sake. Sha tara dai. Fuska ta kumbura har idanu sun shige, ƙafafu kamar an hura. Kuma Juma'ar da ta wuce, kwana shida kacal, yarinyar ga ta durƙusa gabana ta ajiye mini kwanon tuwo, na ga kumburin nan da idona, na yi dariya na ce, amarya, zaman gidanmu ya karɓe ki, har kumatu kin yi. Ta sunkuyar da kai ta fice. Na kira ambilans daga Filinge, anka ce tana hanya, amma hanyarmu yashi ce. Sai na kira Tanti Biba, tsohuwar malamar likitarmu, wadda ni da kaina na tura ruga yin rigakafi ran nan. Kalma huɗu na iya faɗi: Rakiya ce, tana jijjiga. Ba ta tambaye ni komi ba. Ta ce innalillahi, ta kashe wayar.

Bari in tsaya nan, ku san abin da ya sa nake ta buga wannan a salula har yatsana ya yi zafi. Yaron da ke cikin nan bai rayu ba. Shekara uku ke nan, kuma a gidanmu magana ɗaya ake faɗi: Rakiya ta kashe ɗanta na fari da taurin kai, likita na nan kusa, yayar mijinta ce manjo, amma ko sau ɗaya ba ta je awo ba. Inna mahaifiyarmu ta faɗa, Issufu ya yarda, dangi sun ɗauka sun riƙe. Yanzu Rakiya na da ƴa mace, ni ma ina da nawa biyu, kuma yaran ga za su tashi su ji wannan magana a tsakar gida kamar yadda ake jin sunan kakanni. Ƙarya ce. Rakiya ta je awo. Ni na hana ta.

Garinmu ƙauye ne cikin Kurfai, ba zan faɗi sunan ba. Nan anka haife ni, amma tun ina shekara sha ɗaya anka kai ni Yamai wajen gwaggona don lakkwal, karatun boko, can na girma, can na zama malamar jinya, na yi shekara bakwai a ɗakin haihuwa. Sai na shiga masta, irin wadda ake yi wa ma'aikatan jinya da ke kan aiki don su iya riƙe shugabanci. Shekara biyu, da safe aiki, da marece aji, ranar Asabar ma aji. Ba zan zagi karatun ga ba, don na ƙaru. Can na koyi yadda ake tsara wa ma'aikata lokutansu, yadda ake lura da magani kada ya ƙare ba a sani ba, yadda ake shugabantar taro ba a tashi baram-baram ba. Allurar da na yi wa Rakiya ran nan, kafin zuwana ta daɗe da ƙarewa a likitar, ni na bi takardu har anka kawo ta. Wannan ma gaskiya ce, ku rubuta mini ita. Amma darasin da ya fi shiga raina shi ne na wani mushe, malaminmu, mai son zana kibiyoyi a allo. Ƙofa ɗaya ta shiga, in ji shi, tebur ɗaya na karɓa, kowa da lambarshi, kowane aiki da ranarshi. Kuma kullum sai ya buga allo ya ce abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. A kan wannan na rubuta kundina na ƙarshe, anka tafa mini. Akwai wata madam kuma da ta ce mana duk wanda anka ba sabon wuri, ya yi wata uku yana kallo kafin ya taɓa ko kujera. Na tuna ta faɗa. Na rubuta a kaye, littafin rubutuna, har na ja layi ƙarƙashi. Ni kwana tara na yi.

Da takardar aiki ta fito anka ce garinmu za ni, Inna ta yi guɗa. Ni ce ƴarta ta fari, ba ta taɓa kiran sunana ba tun da anka haife ni, sai dai "ke ƴar Yamai", to daga ranar ta koma ce mini Manjo kamar kowa. Kun ga, ba wai ban san kunya ba ne. A cikinta anka haife ni. Na dai ɗauke ta abin tsakar gida, ban taɓa zaton tana bin mutum har bakin likita ba. Na sauka a gidan manjo da ke cikin shingen likitar, Juma'a Juma'a nake zuwa gida cin tuwo. Issufu ya tahi cirani Abijan tun bayan kaka, ya bar amaryarshi wajen Inna. Ni kuwa yayar miji, kusan uwar miji ce gare ta. Ba ta zama inda nake, ba ta haɗa ido da ni, "Yaya ina wuni" a durƙushe, shi ke nan ta ɓace cikin madafa da ƙaton hijabinta.

Alhamis ta biyu da na yi a wurin aiki, na zaga bayan ɗakin haihuwa neman wurin da ake ƙona shara, sai na ga kasuwa ta biyu. Akwai wata ƴar ƙofar kwano a shingen baya, mai kallon hanyar kasuwa, a buɗe. Ƙarƙashin itacen bedi ga ƙoren nono jere, ga robobin kopto na ganyen zogale, ga tiren ƙuli, kowanne da faifai a rufe. Ƴan mata matasa, Fulani da namu, suna zaune sun juya wa juna baya. Ɗaya ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga wani ɗan ɗaki, can ta fito, wata ta shiga. Tanti Biba ce a ciki. Matar ga ta fi shekara talatin a likitar nan, ita ta karɓi haihuwar Issufu, ita ta fara koya mini neman jijiya lokacin da na zo koyon aiki ina ƴar makaranta. Da ƴan matan sunka hango ni da farar riga, kafin in ce sannunku sun kwashi kayansu sun watse. Ni abin da na gani: ma'aikaciya na sayen nono da kopto a lokacin aiki, ta bar benci cike da marasa lahiya. Na kira ta biro, ofishina.

"Tanti, mi ke nan nake gani a baya?"

"Ƙohwa ce, Manjo."

"Na san ƙofa ce. Kasuwa kike ci a nan?"

"Ni da ban da haƙoran ƙuli? Awo nike musu."

"Awo? A ɗakin ajiye bokiti? To ina rajista? Ina sunayensu?"

"Ba su da suna."

"Tanti, don Allah kada ki maida ni yarinya. Akwai mutum da ba shi da suna?"

Ta kalle ni, irin kallon da take mini da in na kasa samun jijiya. Sannan ta ce masu cikin fari ne. Mai cikin fari ba ta yarda a san tana da shi, ko uwarta ba ta faɗa wa, balle dangin miji, ga kunya ga tsoron baki. Ranar kasuwa kaɗai take da hujjar fita, ta ɗauko abin talla, ta biyo ta baya kamar ta kawo wa malama, a duba ta, ta koma. Wanda ya gan ta, talla ya gani.

Wallahi ta yi mini bayanin ga tas, ba abin da ta rage. Kada wani ya ce ban sani ba. Ji na yi, kuma na ji haushi ya ƙaru. Na ce wannan ai shi ne abin da muke yaƙi da shi, ciki ba sata ba ne, in muna ɓoye su yaushe za su waye? Na ce in an zo duba aikinmu daga Filinge, mi zan nuna, ƙwarya? Na ce ta ba ni abin da take rubutawa, in akwai. Ta dafa jakarta ta ce amana ce, ba ta bayarwa.

"Ƴata," ta ce, ranar kaɗai ta kira ni haka a wurin aiki, "ki bar ƙohwar ga har damina ta wuce. Ki zamna ki gani. In ba ta yi miki ba, ni da kaina zan rufe."

"A nan ba ƴarki ba ce ni, Tanti. Manjo ce."

Washegari na sa wa ƙofar kwaɗo, na jefa makullin a jakata. Na rubuta babbar takarda na manna: awon ciki ranar Talata, ta ƙofar gaba, kowa ta karɓi lamba. Na san in na bar Tanti a likita ranar kasuwa za ta samo wata dabara, sai na sa ta cikin masu fita rigakafi rugage duk Alhamis, a kan moto, babur ɗin likita, mace mai ciwon gwiwa. Ba ta yi musu ba. Ranar Talata ni da kaina nake zama bakin tebur a baranda, rajista a buɗe, ina kiran suna da ƙarfi, sunanki da na mijinki da unguwarku. Kuma benci na cika, shi ya ruɗe ni. Masu ciki na huɗu, na shida, waɗanda kunya ta daɗe da barinsu, suna zuwa suna hira suna ba'a. Har hoto na ɗauka na tura wa ƴan ajinmu na masta, sunka yi ta turo mini tafi. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina ina ƙananan suke ba. Sau biyu Tanti ta tsaya bakin biro ta ce, Manjo, akwai wadda tansiyonta bai yi mini ba, ki ba ni makullin na Alhamis ɗaya. Na ce ta zo Talata kamar kowa. Ta ce ba ta iyawa. Na ce to ta faɗa mini ko wace ce in je gidansu. Ta juya ta fita. Mako biyar ke nan kafin sharet ɗin nan ta shigo.

Tanti ta riga ambilans isowa. Ta sauko daga moto tana ɗingishi, ƙura har gira, ba ta dube ni ba. Ta wuce ta kama ƙafar Rakiya ta danna da babban yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta sa kunne a cikin da ɗan ƙahonta na jin bugun zuciyar jariri ta sauraro, ta daɗe, ta canza wuri, ta sake daɗewa. Da ta ɗago na gani a fuskarta ba ta ji abin da take nema ba. A cikin ambilans muna zaune gwiwa da gwiwa, ina riƙe da robar ruwa, Rakiya na kwance tsakaninmu tana wani irin minshari, sai Tanti ta zuge jakarta ta ciro wani ƙaramin kaye da ya sha hannu, ta buɗe, ta ɗora mini a cinya. Ba suna ko ɗaya a ciki. Mai ƙwarya mai ɗinki. Mai tsagar goshi. Mai tiren ƙuli. Kowace da shafinta, da ranaku, da awon tansiyo, da maganin da anka ba ta, tsaf, ya fi rajistata tsabta. Ta nuna mini shafi ɗaya da yatsa. Mai jan faifai. Na san faifan. Ni na sayo shi a Yamai cikin kayan da na kawo wa amarya. Zuwa tara ta yi, ba ta taɓa fashi ba. Sha uku, sha huɗu, sha huɗu, sha biyar, an fara ba ta ƙwaya. Daga nan shafin fari fat.

"Tanti, don mi ba ki faɗa mini ba? Matar ƙanena!"

"Don matar ƙanenki ce."

"Da kin ce Rakiya ce ai da na buɗe!"

"Da ɗiyar wani ce hwa? Sai ta mutu?"

Mota na ta jefa mu sama da ƙasa. Ita ta ci gaba, muryarta ƙasa ƙasa, kamar da kanta take. Ta ce ta je gidanmu da na'urar awo ɓoye cikin jaka, kamar ta zo gaida Inna, ta tarar da Inna zaune kan tabarma bakin ɗakin Rakiya, sunka yi hira har la'asar, ba ta samu ko minti ɗaya ba. Ta tare ta a famfo ta ce ta daure ta zo Talata. Kuma Rakiya ta zo. Ta zo har bakin ƙofar gaba, ta hango ni a baranda ina ƙwala kiran sunan matar maƙwabcinmu, ga matan unguwarmu jere a benci, ta juya. Tanti ta ce mata to bari in faɗa wa yayarki a ɓoye, Rakiya ta kama ƙafarta tana kuka, ta haɗa ta da Allah da Annabi.

"Ni ma ina da nawa laifin," in ji Tanti. "Shekara talatin ban taɓa karya amana ba, ina taƙama da shi. Da na karya wagga ɗaya."

A Filinge anka shiga da ita ɗakin aiki kai tsaye. Namiji ne, ya riga ya tahi tun a hanya ko kafin nan. Na gan shi. Yana da hancin Issufu, wallahi har da ɗan lanƙwasan nan. Rakiya kwana biyu ba ta san inda take ba, ran na uku ta buɗe ido. Inna ta zo a motar kasuwa da kwanon fura, ta zauna gefen gado, ta yi kuka mai isarta, sannan ta share ido ta fara, gaban matan ɗakin duka.

"Ni makauniya ce? Tun shina wata biyu na gani, na kama bakina, don ba a magana. Amma ke wace irin ɗiya ce? Likita na nan, ga yayarki manjo guda, ko sisi ba mai tambayarki. Ɗiyan mutane na zuwa awo, ke kin hi kowa kunya? To ga shi nan, kin ja mana."

Ina tsaye a gefen gadon. Kayen Tanti na cikin aljihun rigata, ina jin shi a cinyata. Abu ɗaya ya rage in yi, in ciro shi in ce Inna, ta je, sau tara ta je, ni na rufe ƙofa. Na dubi Rakiya, ita ma ta dube ni, karo na farko tun da anka kawo ta gidanmu da munka haɗa ido. Ta girgiza mini kai kaɗan. Ni kuwa, Allah Ya gani, daɗi na ji da ta girgiza. Na bar kayen a aljihu. Inna ta nuna salulata ta ce in kira mata Abijan, na kira, ta faɗa wa Issufu yadda ta faɗa a ɗakin, ina riƙe mata wayar a kunne.

Da Inna ta fita alwala na durƙusa bakin gadon. Ni, yayar miji, a ƙasa. Na ce Rakiya ki yafe mini, zan faɗa musu gaskiya.

"Yaya, tashi don Allah, mutane na gani."

"Zan faɗa, Rakiya."

"Ki hwaɗa mi? A ce ina fakewa da tallan kopto ina zuwa ana buɗe mini ciki, Inna na gida ba ta sani ba? A ce na ɓoye wa yayata na hwaɗa wa bare? Wagga ta hi waccan muni. Kwanan yaro ne ya ƙare. Ki bari."

Alhamis ta gaba na cire kwaɗon da hannuna, na maida Tanti ɗakinta na bokiti, na sa anka kai mata gado da labule. Ba wadda ta zo. Mako bayan mako ƙofa na buɗe, bedi ba kowa. Sai da Tanti ta ce mini, Manjo, farar rigarki suke hange, sannan na gane. Na koma ni ke hawa moto duk Alhamis in tahi rigakafi ruga, in bar mata likitar. Damina ta yi nisa kafin ƙwarya ta farko ta dawo. Munka shirya da Tanti tana ba kowace lamba, lambar nake sawa a rajista, sunan na nan cikin kanta. Da anka zo duba aiki daga Filinge na yi bayani ina jiran faɗa, mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce in dai ana auna su, ina ruwanshi da ƙofar da sunka biyo. Kun ji. Abin da na kashe yaro a kanshi, ko tambayarshi ba a yi ba. Ban san su nawa ne sunka haihu a gida cikin makonni biyar ɗin nan da watannin da sunka biyo baya ba, ban san abin da ya same su ba. Akwai shafuka a kayen nan da sunka tsaya cak kamar na Rakiya, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambayar Tanti ƙarshensu ba.

Yanzu na dawo Yamai, ina aiki a biro, har kira na ake in yi wa masu shirin zama manjo magana. Ina ba su labarin ƙofar, amma sai in ce wata abokiyar aikina ce ta yi. Tanti ta ajiye aiki, tana zaune Filinge wajen ɗanta. Rakiya ta sake samun ciki, Tanti ta bi ta tun daga watan farko, ta haihu lahiya. Na ɗauka magana ta mutu. Sai Sallar da ta wuce na je gida, an kawo wa ɗan kawunmu amarya, muna zaune tsakar gida ana gyaran kayan ciki, Rakiya na gefe tana tankaɗe da ƴarta goye a baya. Inna ta dubi amaryar ta ce, ke dai in Allah Ya kawo rabo ki tahi likita da wuri, kada ki yi irin ta wagga, ta nuna Rakiya da wuƙar hannunta, da yanzu ina da jika namiji mai gudu. Mata sunka yi dariya. Rakiya ma ta yi dariya, ta ci gaba da tankaɗe. Yarinyar da ke bayanta ta fara magana, tana maimaita duk abin da ta ji. Na tashi na bar musu tsakar gidan.

Na kira Tanti na ce zan rubuta, zan tura wa dangi a gurup ɗinmu, Issufu ya karanta wa Inna. Ta ce, ke har yanzu ba ki daina yanke wa yarinyar ga hukunci ba tare da kin tambaye ta ba? Na kira Rakiya a wayar Issufu, na jira ya ba ta ya matsa. Ta saurare ni har na gama, ta ce, Yaya, na haɗa ki da Allah, ni na saba, in kin tona ni za a kalla, ba ke ba. Na ce ƴarki fa, za ta tashi tana jin uwarta ta kashe wanta. Ina jin kukan akuya ta bayanta, sai ta ce tuwonta na kan wuta.

Ga shi na rubuta, na canza sunayen kowa, na kawo muku ku da ba ku san mu ba. Wanda ke da sunayen gaskiya yana nan cikin salulata, an gama shi, danna ɗaya ya rage. Wancan karon na tabbata ni ke da gaskiya, na ƙi jin Tanti, kun ga inda ya kai mu. Wannan karon ma ji nake ni ke da gaskiya, kuma su biyun sun ce in bari. To ku da kunka karanta har nan, ku faɗa mini tsakaninku da Allah: in wanke sunanta ba da yardarta ba, ko in bar ƴarta ta girma da ƙaryar da ni na ƙulla?